Daɓen da Yayana Ya Bari a Anka

Ina baza shinkafar da na turara a kan tabarmi labarin ya iske ni. Farkon damina ne, amma ranar an wayi gari garau, sai na ce bari in ci moriyar rana kafin hadari ya taso. Tururi yana tashi daga shinkafar yana shiga idona. Maigidana ya shigo daga zaure riƙe da waya, ya tsaya bakin rumfa ya ce in wanke hannu in zo. Na ce ya bari in ƙarasa, kada ta dunƙule. Ya ce to. Ya tsaya har na juye ƙwarya ta ƙarshe. Sannan ya faɗa mini yayana da ke Anka ya rasu da asuba, bayan zazzaɓin kwana uku, kuma za a kai shi kafin azahar.

Abin da ya fi zauna mini a rai daga wannan hantsin shi ne kaji. Sun sauko kan shinkafar suna ci, ina kallonsu. Na san ya kamata a kore su, amma ban san wa zai kore su ba.

Mu biyu Innarmu ta bari. A Nasarawa Burkullu aka haife mu, ya girme ni da shekara bakwai, kuma a kafaɗarsa na fara zuwa gona. Aure ya kawo ni Gummi, neman abinci ya kai shi Anka. Tun da matarsa ta rasu bai sake aure ba, bai kuma gina gida ba. Ɗaki ɗaya ya kama haya a gidan wata tsohuwa, ɗakin ƙasa da 'yar farfajiya a gabansa, ya zauna a ciki shekara goma sha shida. A ƙarshen rayuwarsa albasa da tattasai yake sayarwa a kasuwa.

Ba mu sami jana'iza ba. Hanyar yanzu ba wadda ake faɗawa kowane lokaci ba ce, sai an ji motoci sun fara wucewa lafiya. Washegari muka tashi. Yawancin tafiyar ya ɓace mini. Na tuna fadama ta yi kore shar, da wasu shanu tsaye cikin ruwa har gwiwa ba su motsi, kamar an dasa su. Na riƙa jin kamar motar ce a tsaye, gonaki ne ke tafiya suna barin mu.

A wurin zaman makoki maigidana ya tambayi maza, kamar yadda aka saba, ko akwai mai wani haƙƙi a kan mamacin. Ya shigo ya ce mini ba wanda ya faɗi komai sai alheri. Na ji sanyi a raina. Innarmu takan ce mamaci ba ya samun kwanciya daidai matuƙar akwai haƙƙin wani a wuyansa, kuma wannan maganar ce kaɗai ke yawo a kaina tun daga Gummi. Ba abin da ya rage in yi wa yayana sai in tabbatar ya tafi ba nauyin kowa. Jama'a sun sallame shi. Saura ɗakin.

Bayan sadakar uku muka kwashe kayansa. Ba su da yawa: katifa, akwatin ƙarfe, rediyo, butar shayi, keke, da buhunan albasa biyu da muka rabar. Tsohuwar mai gidan, wadda duk unguwar ke kira Inna, ni ma na bi sahu, tana da wata al'ada. Duk ɗan hayar da zai tashi, ba ta karɓar ɗaki sai ta aika an kira wani tsohon magini ya zagaya shi. Ta ce ba ta yarda da idonta ba, domin idon mai gida ɓarna kawai yake gani, idon ɗan haya kuma tsufa kawai yake gani, shi ya sa ake neman ido na uku. Ta ce tun da rasuwa ce, a bar abin. Ni na roƙe ta a yi. Ina son a duba, a faɗa da baki, in ji da kunnena.

Maginin ya zo da hantsi, siririn tsoho mai dogara sanda, farcensa duk sun tsattsage da aikin ƙasa. Ya yi mini ta'aziyya a taƙaice, ya tuɓe takalmi, ya shiga. Na lura da tafin hannu yake dubawa fiye da ido. Yakan ɗora hannu a bango ya yi shiru, kamar mai jin zafin jikin maras lafiya. Na tambaye shi yadda yake bambance abin da zama ya ci da abin da mutum ya ɓata.

“Abu guda na, ɗiyata,” in ji shi. “Abin da za ya faru ko wa anka ba ɗaki, na mai gida na. Abin da ba za ya faru ba sai don kai na ciki, naka na.”

Daga dokin ƙofa ya fara. Tsakiyarsa ya lotsa, ya yi santsi kamar cikin ludayi. Ya ce wannan ƙafa ce, ko liman aka ba ɗakin sai ya taka. Na tsaya ina kallon wurin. Shekara goma sha shida na fita masallaci da dawowa, na fita kasuwa da dawowa, ga su nan sun taru a wuri ɗaya da bai fi tafin hannuna biyu ba. Na sa ƙafata a ciki, wurin ya yi mini yawa.

A bangon yamma akwai wani tabo baƙi mai sheƙi, daidai tsayin kan mutum in yana zaune. Inna ta nuna shi da haɓa ta ce wannan fa. Maginin ya ce kai ne da man kai, kuma bai taɓa ganin ɗan hayar da ke zama ba ya jingina ba, sai dai in ita ce za ta fara kawo irinsu. A nan yayana yake zama ya saurari rediyo, ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe. Na daɗe ina ganinsa a wurin bayan sun wuce gaba. Ban ga fuskarsa ba, zamansa kawai na gani.

Da suka zo kan wata tsaga da ta sauko daga kusurwa, sai Inna ta riga shi magana, ta ce ai wannan ba ta ɗan haya ba ce, ba kuma tata ba ce, ta wanda ya gina bangon ce, kuma kowa ya san ko wane ne. Ya ce bangon da ya gina tun tana da haƙora bai tsage ba sai da ta bar indararo yana zubar da ruwa a kansa damina uku, saboda rowa. Ta ce rowar ce ta sa take kiransa ba ta kiran magina na gaske. Suka yi ta yi. Na ji kaina ina murmushi, na yi saurin rufe baki da mayafi.

Baƙin hayaƙin da ke kusurwar da yake dafa shayi, ya ce na zama ne, tun da bai kai azara ba. Ƙusoshi uku na rataye riga, na zama ne. Gindin ƙyauren da ya ruɓe, ruwa ne, na mai gida ne. Sai da ya zo kusa da ƙofa ta ciki ya tsaya, inda yayana ya fafe bango ya kafa wani ƙaton turke yana rataye keke don kada ya tare hanya. Ƙasa ta zube a kewayen turken, har ana ganin tubali.

“Wanga nashi na,” in ji maginin.

Abin mamaki, daɗi na ji. Ga abin da zan iya ɗauke masa. Maigidana ya cire turken nan take, ya kwaɓa ƙasa a kasko ya cike ramin, maginin ya shafe da bayan hannunsa.

Sai ƙasan ɗakin ya rage. Yayana ya shimfiɗa ledar ɗaki daga bango zuwa bango, ya danne gefunanta da duwatsu. Maigidana ya naɗe ta. Daɓen da ke ƙasa ya fito sumul, ja mai duhu, ba rami ba tsaga, kamar jiya aka gama shi. Maginin ya durƙusa ya shafa, ya ce rabon da ya ga ɗan haya ya riƙe daɓe haka har ya manta. Ya ce wannan mutum ya san amana. Inna ta ɗaga hannu ta ce ta yafe masa duniya da lahira, abin da ta sani da wanda ba ta sani ba, Allah ya sa ya huta. Muka shafa.

Na ce amin tare da su. Amma tun da aka naɗe ledar hankalina bai kwanta ba, domin na san dalilin da ya sa aka shimfiɗa ta.

Shekarunsa na farko a ɗakin, yayana ba albasa yake sayarwa ba. Lokacin da haƙar zinariya ta kama ƙasar Anka, shi ma ya shiga. Ba ya sauka rami, ƙirjinsa ba ya ɗauka. Dutse yake saye a buhu daga masu haƙa, ya kawo gida ya farfasa da guduma, ya daka a turmin ƙarfe, ya tankaɗe. Duk a cikin ɗakin nan, don kada a ga yawan abin da yake samu. Garin dutsen da ya jiƙa kuma yakan shanya shi a farfajiya, gindin katanga ta gabas.

Na ziyarce shi sau ɗaya a lokacin. Ina iya rufe ido yanzu in ga ranar. La'asar ce, rana ta shigo ta 'yar taga ta tsaya a tsakiyar ɗaki kamar an jingina sanda, ƙura tana iyo a cikinta a hankali, tana ƙyalli, ba ta sauka ba ta hawa. Girarsa da gemunsa sun yi fari fat da gari, na ce ya tsufa a rana ɗaya. Ya ce mutanen Gummi kifi da shinkafa sun lalata mu, ba mu san wahala ba. Sannan ya kwance wani ƙulli ya zuba mini abu a tafin hannu, bai kai ƙwayar dawa ba, amma da nauyi. Ya ce in riƙe da kyau, gidan da zai gina ne nake riƙe da shi. Na tuna na ce a raina ban taɓa ganin ɗaki mai kyau kamar wannan ba, da ƙurarsa mai haske.

Ba a daɗe ba yara suka fara mutuwa a ƙauyuka. Muna da goggo da ke aure a Sunke, na je mata gaisuwar jikokinta biyu. A can na fara jin cewa dutsen yana da dalma, kuma gubarta tana zama a cikin ƙasa, ba ta ruɓewa, ba ta tsufa, ruwa ba ya tafiya da ita. Babba yakan ɗauka ya yi ta yawo. Mai rarrafe, da ke sa hannu a ƙasa ya kai baki, shi take kayarwa. Da na koma karo na biyu na iske ma'aikata sun rufe hanci da baki suna kankare ƙasar gidaje. Sukan yayyafa ruwa tukuna don kada ƙura ta tashi, su kwashe ta sama a buhuna, a kai can nesa a binne, a kawo sabuwa a zuba. Gidan goggo ya koma kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba.

Yayana ya bar dutse tun daga lokacin. Ya sayar da turmin, ya share ɗakin, ya sayo leda ya rufe daɓen. Masu kankarar ƙasa ƙauyuka suka bi, ba wanda ya nuna musu wani ɗakin haya a cikin gari. Na taɓa tambayarsa, ya ce yana sane, zai haƙe daɓen in damina ta wuce, kuma ai shi kaɗai ne a ciki, ba yaro. Na sake tambaya bayan shekara biyu, ya ce in kaka ta yi. Daga nan ban ƙara tambaya ba. Mutum yakan gaji da tuna wa babbansa abu.

Ga shi yanzu an wanke shi a gabana, da bakin mai gida da bakin magini. An ce ya san amana. In na yi shiru, haka za a riƙa tunawa da shi a unguwar. In na yi magana, ni ce zan mayar masa da nauyin da aka sauke masa yanzu-yanzu, ni da na zo don in sauke. Na ce wa kaina shekaru sun yi nisa, wataƙila abin ya mutu. Na san bai mutu ba. Na ce wa kaina Inna ta ce har abin da ba ta sani ba ta yafe. Da wannan na riƙe bakina har azahar.

Bayan azahar na koma ɗakin ni kaɗai na zauna a dokin ƙofa. Ba komai a ciki sai haske. Ɗakin da ba kaya yakan yi girma, sautin numfashi ma sai ya dawo wa mutum. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Ina jin kurciya a kan katanga, ina jin ana daka a wani gida can nesa, sai dakan ya riƙa zame mini kamar daga cikin ɗakin yake fitowa.

Sallamar wata mata ce ta dawo da ni. Yarinya ce matashiya, da goyo. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce ita ce matar wanda zai kama ɗakin, mijinta ya riga ya yi magana da Inna, ta zo ta ga inda za ta sa gado. Na matsa ta shiga. Ta yaba daɓen. Ta kwance goyon ta ajiye 'yar a ƙasa don ta auna bango da taku. 'Yar ta kai wata takwas, mai kumatu, da ɗan warwaro a hannu. Ta kifa tafukanta biyu a kan daɓen, ta bubbuga, ta ɗaga ɗaya tana kallo.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsinci kaina a farfajiya da 'yar a kafaɗa, ina wanke mata hannu da ruwan buta, tana kuka. Uwar ta biyo ni tana tambaya ko kunama ce. Na ce ba kunama ba ce, ta yi haƙuri, ta goya ta, kada ta ƙara ajiye ta a nan sai ta ji daga Inna.

Na sami Inna a rumfarta tana tsince wake. Na zauna a ƙasa kusa da ita na faɗa mata komai, tun daga turmin har ledar. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Sannan ta ce ai tana jin dakan a lokacin, ta san dutse ne, gari duka ana yi, ba wanda ya san akwai mutuwa a ciki. Ta ce ita ma da tana da ƙarfi da ta daka. Na ce haka ne, amma daga baya yayana ya sani. Na ce mata da bakina na faɗi wannan, kuma ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya.

“Ɗiyata,” ta ce, “abin da na yahe, na yahe, ba ni komawa. Amma wanga ba nawa na ba balle in yahe. Na ɗiyan da za su rarrafa ciki na.”

Da safe aka sake kiran maginin. Ya saurara yana dogare da sandarsa, ya sake durƙusawa ya shafa daɓen da ya yaba jiya, ya duba tafin hannunsa. Ba komai a kai. Ya ce shekara hamsin yana karanta bango da ƙasa, bai taɓa haɗuwa da ɓarnar da ba ta da tabo ba. Ya ce duk abin da ya nuna jiya mai kama da ɓarna tsufa ne, wuri ɗaya da ya fi ko'ina kyau kuma shi ne ya lalace, to ina amfanin idonsa. Inna ta ce dama ta sha faɗa masa. Wannan karon bai rama ba.

Na tambaye shi na wane ne. Na san amsar, ina dai son a faɗa kamar yadda aka faɗi sauran. Ya dube ni, ya kawar da kai, ya ce da wani aka ba ɗakin da ba a daka dutse a ciki ba. Ya ce na mamacin ne, Allah ya gafarta masa, kuma tun da yana da mai ɗauke masa, ya yi arziki.

Muka ƙara kwana huɗu a Anka. Na gaya musu yadda na ga an yi a Sunke, muka bi abin da na iya tunawa. Inna ta tura jikokinta gidan maƙwabta. Muka jiƙa daɓen sharaf, maigidana da wasu maza biyu suka ɗaure hanci da rawani suka sa diga. Daɓe mai kyau yana da wuyar fasawa, sai da suka yi gumi. Suka haƙe kamar kamu ɗaya, aka zuba a buhuna, aka ɗaure bakinsu, aka ɗora a amalanke zuwa wani tsohon rami bayan gari, nesa da rijiya da gona, aka binne. Aka kankare bango har inda hannu ya kai, aka share azara da tsumma mai ruwa. Tabon kansa ya tafi a cikin kankarar. Ina tsaye aka yi, ban ce a bar shi ba.

Aka kawo jar ƙasa sabuwa da tsakuwa. Daɓe aikin mata ne, sai Inna ta kira maƙwabta, muka durƙusa mu shida da madaɓai muna bugawa, ana yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa don ya yi ƙarfi. Matan suna 'yar waƙarsu ta aiki a hankali saboda makoki. Ni dai bugu nake yi. A kwanakin nan duka ban yi kuka sosai ba sai a nan, kuma ba wadda ta kula, domin kowa kanta a sunkuye yake, gumi yana ɗiga.

Unguwa ta ji, ba yadda za a yi a ɓoye amalanke. Wasu sun ce Allah ya saka, wasu sun ce da na rufa wa mamaci asiri. Wata ta ce a gabana ashe mai albasa ba albasa kaɗai ya bari ba. Matar mai goyo ba ta dawo ba, mijinta ya nemi ɗaki a wata unguwa, ban kuma ga laifinsu ba.

Da muka gama ɗakin na nuna wa maginin gindin katanga ta gabas, inda ake shanya garin dutsen. Ya zagaya wurin, ya caka sandarsa, ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce nan ba za a taɓa ba yanzu. Katangar ta ƙasa ce, ta sha ruwa, in aka haƙe gindinta da damina za ta kwanta, wataƙila a kan mutum. Sai kaka, in ƙasa ta bushe. Gaskiya ya faɗa, maigidana ma ya ce haka ne. Muka zuba yashi a wurin, muka jera duwatsu, muka kewaye da zana da ƙaya don kada yara su shiga. Na yi wa Inna alkawari da kaka za mu dawo. Na ji kalmar tana fita daga bakina, na san a bakin wa na saba jin ta.

Da kaka ta zo hanya ta ɓaci, aka yi watanni ba mai bin ta sai wanda ya zama dole. Da ta lafa, maigidana ya kwanta ciwon ƙafa, shinkafa kuma tana jiran yanka. Sai wata daminar ta shigo. Inna ta aiko mini da saƙo ta bakin wani direba cewa ɗakin wasu 'yan kasuwa biyu ne a ciki, ba mace ba yaro, kuma maginin ya daina fita, ƙafa ta ƙi. Ta ce iska ta kayar da zanar sau ɗaya, ta sa an tayar. Ta ce jikokinta suna jin magana, amma akwai ƙaramin da ya fara tafiya.

Wani lokaci in ina shanya da rana, zafi ya yi yawa har ƙasa tana rawa a ido, sai in ga farfajiyar nan a gabana, da katangar, da inuwarta da ke matsowa bayan la'asar. Wurin ba shi da girma. Taku huɗu ne a tsaye, biyu a kwance, na auna da ƙafata. Maza biyu za su gama shi kafin azahar.

Kaka biyu ke nan. Ɗakin mun haƙe. Gindin katangar ba mu haƙe ba.